Sunan Da Injin Ya Tsallake

Jikata ce ta fama mini wannan tsohon miki, ba da saninta ba. Tana zaune a tsakar gida da kwamfuta a cinya tana gyaran rubutunta na kammala karatu, sai malaminta ya aiko cewa ta sauya wata kalma duk inda ta fito. Na ce to, ashe yau ba mai tuƙa mana tuwo. Ta yi dariya, ta danna abu ɗaya, ta rufe kwamfutar ta nufi madafa. Na ce, "Ke, ba ki komawa hwarko ki sake nema?" Ta ce, "Haba Kaka, wagga ai ba ta kuskure."  Na taɓa jin wannan magana daga bakin wani mutum, na kuma yarda da ita, har ta kusa cinye mini uba.

Unguwarmu Ƙofar Marke a Sakkwato, ta ƙuruciyata, ba wannan ba ce da babura suka cika da hayaniya. A da abin da ke tashin mutum kiran salla ne, sai guga tana dukan bangon rijiya, sai 'yan ga-ruwa da garewaninsu suna kuka a jikin sanda. In iska ta juyo kana jin manyan motocin Kalambaina can nesa suna nishi da siminti. Ruwa shi ne babban aikin kowane gida. In bazara ta kama, rijiyarmu takan ja da baya har igiya ta kasa, Inna ta riƙa auna mana ruwan wanka da kwanon sha, wanda ya zubar da saura kuwa ya san sauran. Yaran yanzu suna barin famfo a buɗe su tafi kallon waya, ni kuwa har gobe in na ji ruwa na zuba a banza sai na tashi na nemo inda yake.

Baba mai sayar da yadi ne a kasuwa, shadda da akoko da atamfa. Ba ya awo da tef, da hannunsa yake kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. In ya buɗe bandir ya tarar da inda gara ta ci ko ruwa ya ɓata, sai ya yanke wurin ya fitar, ya haɗa bakin biyu, sannan ya koma can farkon yadin ya soma ƙirga daga ɗaya. Ni da nake ganin na yi boko, abin nan yakan ba ni haushi. Na taɓa ce masa ai mun riga mun ƙirga har nan, mu ci gaba kawai. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Nan ɗin da kaka hwaɗi ya tashi. In ka yanke, koma baki ka sake awo." Ban da yadi, Baba yana rubuta waƙa da ajami. Ba maroƙi ba ne, ko goro ba ya karɓa, sai wanda ya ga ya yi wa mutane abin kirki yake wa baiti. Kuma kamar yadda mutanenmu suka saba, ba ya kiran sunan wanda yake yabo sau ɗaya. Yakan ce kira ɗaya na aike ne, wanda ake girmamawa sai an maimaita.

Lokacin nan arzikin man fetur ya shigo ƙasa kamar an fasa tulu. Kowace ma'aikata tana sayen abin da ba ta san amfaninsa ba, don kada a ce ta kusa da ita ta riga ta. Hukumar da na samu aiki, wata ta raya unguwanni da aka daɗe da rushewa, ita ma ta sayo kwamfuta. Mu inji muke ce mata. An ware mata ɗaki mai sanyi wanda ko shugaban hukumar bai da irinsa, ana cire takalmi a ƙofa kamar masallaci, masinjoji kuwa in za su wuce sai su rage murya. Gilashinta baƙi ne, rubutun kore. Kullum tana wani gunji a hankali wanda sai an ɗauke wuta kake gane ashe yana cika maka kunne. Tare da ita aka kawo wani Ba'indiye, siriri mai yawan shan shayi, shi ya koya mini aikin, don ni ne mai buga tafireta da ya fi sauri.

Shi ya fahimtar da ni cewa injin ba ya ganin shafi yadda muke gani. Duk rubutun da ka buga yana zama a wani wuri a cikinsa a jere, harafi bayan harafi, dogon layi ɗaya, kowane harafi da lambar mazauninsa. Wurin nan yana da sunansa na Turanci, amma ni allo nake ce masa, tunda ana rubutawa a goge a sake. In kana neman kalma, sai ka faɗa wa injin kalmar da inda zai fara dubawa, shi kuma ya bi layin har ya same ta ya ba ka lambar wurin, ko ya ce babu. In ka cire kalma ka sa wata, duk abin da ke bayanta yakan matso ko ya ja baya don a samu wuri. Ba'indiyen ya rubuta wa injin wani umarni na musamman da ke yin wannan aiki shi kaɗai: ya nemo, ya sauya, ya yi gaba, ya nemo, ya sauya, har ƙarshe. Ya nuna mini shi layi-layi har na haddace kamar karatun allo. Mun gwada shi a kan wasiƙun Turanci ba iyaka, bai taɓa ba mu kunya ba. Ranar da kwangilarsa ta ƙare zai koma ƙasarsu, ya dafa injin ya ce mini da gurguwar Hausarsa, mutum yana kuskure, wannan ba ya kuskure.

Shugaban hukumarmu a lokacin ɗan siyasa ne, Alhaji Sulaimanu. Yana da nasa halin kamar kowa, amma shi ya tsaya tsayin daka har aka gina babban tankin ruwa a Gidan Dahala, aka ja famfo zuwa unguwanni har da tamu. Ranar da ruwa ya fara zuba a bakin lungunmu, Inna ta tara hannu ta sha, ta zauna a ƙasa tana kuka. A makon nan Baba ya yi masa waƙa. Da aka shirya bikin buɗe tankin, aka ce a haɗa ɗan littafi na rabawa, jawabai da Turanci a gaba, waƙar Baba a baya da sunansa a ƙarƙashi. Ni na mayar da ita boko na buga a injin, ina ta washe baki. Baitin farko, wanda shi ne amshi, ya fara da "Sulaimanu, Sulaimanu, ka kashe ƙishin talakawa."

Ba a yi bikin ba. Wata safiya muka kunna rediyo muka ji badujala maimakon labarai, sai wata murya mai kaushi tana cewa kowa ya zauna inda yake. Kafin mako ya zagayo an kwashe 'yan siyasa, Alhaji Sulaimanu yana ciki, ba wanda ya san inda aka kai shi, ba kuma mai tambaya. Wanda bai ga wannan zamani ba, da wuya ya gane irin tsoron. Na ga an sa magidanci mai furfura tsallen kwaɗo a bakin titi don ya makara zuwa ofis, 'ya'yansa suna kallo. Mutane suka daina ambaton wasu sunaye ko a zaure, sai dai a ce mutumin nan. Ana cire hotuna daga bango a tura ƙarƙashin gado. An ce akwai dokar da ta ba da dama a tsare mutum ba shari'a har sai ranar da aka tuna da shi, mun kuwa san gidajen da ba a tuna da nasu ba.

Aka turo mana soja ya riƙe hukumar, Manjo Tanko. Ba mutumin Sakkwato ba ne, da ya buɗe baki ka sani. Ba ya ihu, wannan ya fi ba mu tsoro. Da ya ji akwai tankin da ba a buɗe ba, ya ce jibi za a buɗe, shi zai yanke kyalle. Sakataren hukumar, wani dattijo da ya yi wa shugabanni da yawa aiki ya kuma iya sunkuyar da kai, ya shigo ɗakin injin yana share gumi duk da sanyin. Ya ce, "Littahin nan da kab buga, duk inda sunan mutumin nan yake, hid da shi ka sa na Manjo. Kak ka bar ko ƙamshinai."

Da na faɗa wa Baba a gida, ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Yabo ba riga ba ta, da za a tuɓe ma wani a sa ma wani. Wanda yak kawo ruwa niy yi ma waƙa. In kun hid da sunanai, ku hid da nawa." Na kai wa Sakatare saƙon. Ya ce a kul na sake, ai cire sunan Baba shi ne zai sa a tambayi dalili. Na dawo na zauna gaban injin, wani kofur yana tsaye a bayana da bindiga yana jiran ya kai aikin maɗaba'a. Na ba injin umarni. Ya yi gunjinsa, ya rubuto cewa ya gama. Sakatare ya duba jawaban Turanci da jan biro, bai ga kome ba. Shafin waƙa kuwa ba wanda ya buɗe, ai Hausa ce, kuma inji ba ya kuskure.

Ranar biki rana ta buɗe sosai. An kafa rumfuna a gindin tankin, manya a kujeru, mata can baya da bokitai suna jiran a buɗe famfo, sojoji sun kewaye fili. Baba ya zo don an aiko masa da takarda, kuma a lokacin ba a ƙin amsa irin wannan gayyata. Bayan jawabai, mai gabatarwa ya ɗauki littafin ya buɗe shafin baya, ya gyara murya a lasifika, ya rera abin da ya gani a rubuce: "Tanko, Sulaimanu, ka kashe ƙishin talakawa."

Da a ce shiru aka yi, wataƙila da an shanye. Amma matan nan na baya, da suka ji sunan da aka yi watanni ba a faɗa a fili ba, sai wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa. Mai gabatarwa ya saki littafin kamar ya taɓa garwashi. Na ga mutane suna buɗe nasu suna dubawa suna saurin rufewa, wasu suna zaunewa a kai. Manjo bai motsa ba. Ya miƙa hannu aka ba shi littafin, ya karanta, ya ɗaga kai ya tambaya a hankali wa ya yi wannan. Ni ina tsaye a bayan rumfa, ban fito ba. Kafin Sakatare ya juyo ya nemo ni da ido, sai na ga Baba ya miƙe, ya gyara rawaninsa. Ya ce, "Waƙata ta. Sunan nan kuma ni nis sa shi." Bai yi ƙarya ba, shi ya sa shi tun farko. Amma na san don wa ya tashi. Suka sa shi a bayan motar soja, takalminsa ɗaya ya faɗi a ƙasa, ba wanda ya iya ɗauka sai da motar ta ɓace.

Baba yana da ciwon ƙirji. In zafi ya yi yawa ko ɗaki ya cushe, numfashinsa yakan riƙa fito kamar tsohuwar ƙofa, sai Inna ta fito da shi iska ta yi masa turare. Kowa ya san gadurum ɗin bariki, ɗaki ne na kwano mai taga kamar tafin hannu, ga bazara. Da na kai wa Inna takalmin, ba ta yi kuka ba. Ta riƙe shi ta ce, "Ba shi kai kwana ukku cikin ɗakin nan. Kai kas san injin, tahi ka tambaye shi mi yay yi." Na ruga ofis, na tarar an garƙame ɗakin, soja a ƙofa. Na je gidan Sakatare aka ce ba ya nan, alhali ga motarsa.

Bayan la'asar na tafi kasuwa in rufe rumfar Baba, don tun safe a buɗe take. Maƙwabta suka riƙa kau da kai, ban ga laifinsu ba. Na zauna a kan tabarmarsa da littafin a hannu, ina karanta layin nan har haruffan suka daina ma'ana. Ko'ina injin ya sauya sunan, a jawabai, a bangon littafin, a sauran baitoci. Me ya sa nan kaɗai? Na riƙa bin umarnin Ba'indiyen a kaina. Nemo kalmar. Cire ta, sa sabuwa. Tsallake tsawon kalmar, ci gaba da nema. Idona yana kan allin Baba da almakashinsa, sai na tsaya a kan wannan na ƙarshe. Tsawon wace kalma, tsohuwar ko sabuwar?

Na yago ƙyallen akoko siriri, na rubuta layin a kai da manyan haruffa a jere. Na ja alli a ƙarshen Sulaimanu na farko, na kuma ja a kan tabarma daidai wurin, don nan injin zai ci gaba. Na yanke sunan, na sa guntun da na rubuta Tanko, na jawo sauran ƙyallen ya haɗu. Tanko gajere ne. Da ƙyallen ya matso, Sulaimanu na biyu ya shigo har kansa ya wuce layin allin da ke kan tabarma. Daga layin zuwa gaba abin da ya rage "laimanu" ne, injin kuwa ba shi aka ce ya nema ba, sai ya wuce abinsa. A wasiƙun Turanci suna ba ya bin suna a manne, shi ya sa ba mu taɓa gani ba. Sai da aka kawo masa yabo irin namu. Ya yanke, bai koma baki ya sake awo ba. Na zauna ina kallon ƙyallen, na san gano dalili daban, tsayawa gaban Manjo a faɗa masa daban.

Washegari da hantsi Manjo ya sa aka tara ma'aikata duka a filin ofis, cikin rana, ba hula. Ya ce tsoho ɗaya ba zai iya wannan shi kaɗai ba, akwai masu taya shi a cikinmu, kuma za mu tsaya nan har su fito. Ban san lokacin da ƙafata ta taka gaba ba. Na ji Sakatare yana salati a bayana. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni nib buga. Tsohon nan ubana na, ko ƙohwar ɗakin injin bai taɓa gani ba. Injin na yat tsallake sunan, kuma ina iya nuna maka." Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Inji ne ɗan siyasa?" Wasu sojoji suka yi dariya, shi bai yi ba. Na sa hannu a aljihu in fito da ƙyallen, sai almakashin Baba ya biyo shi. Kafin in ƙifta ido na ji ƙarar bindiga ana ɗana ta a gefen kunnena. Har yau in aka ja sakatar ƙarfe da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Na saki almakashin, na ɗaga hannu. Manjo ya taka ƙyallen da takalmi ya ce shi bai zo ɗinki ba, a buɗe ɗakin.

Muka shiga, shi da takalminsa, ni kuwa don sabo na tsaya ina cire nawa. Na kunna injin. Bai taɓa daɗewa wurin tashi irin na ranar ba. Addu'ata ɗaya, kada a ɗauke wuta, ta biyu kuma, kada lissafina na kan tabarma ya zama mafarki, don ban gwada ba. Na kawo hannu zan buga baitin, Manjo ya ce a'a, ai na iya shirya wannan tun jiya. Ya juya ya tambayi kofur sunansa, ya ce Abdullahi. Ya ce in rubuta shi sau biyu a jere, in ce wa injin ya mayar da shi Isa. Na buga sunan sau biyu. Na danna. Gilashin ya nuna "Isa, Abdullahi", a ƙasa kuma injin ya rubuta cewa ya gama.

Manjo ya sunkuyo har ina jin numfashinsa a wuyana. Ya ce in sake da wani suna. Na sake, aka sami haka. Ya ce in sa kalmomi a tsakanin sunayen biyu. Na sa, injin ya sauya su duka. Ya ture ni gefe ya zauna da kansa, yana neman haruffa da yatsa ɗaya, ya rubuta nasa sunan sau biyu ba ko waƙafi a tsakani, ya sa aka mayar da shi Ali. Ya daɗe yana kallon Tankon da ya rage a gilashi. Sannan ya tambaye ni wa ya koya wa injin wannan aiki. Na ce wani Ba'indiye, ya koma gida. Ya ce Ba'indiyen ya yi sa'a. Ya miƙe ya ce wa Sakatare a tattaro littattafan nan duka a ƙone, a buga sabo, ni kuma in gyara injin kafin gobe da yamma, in ya sake ganin sunan nan ko a takardar ƙosai ni zan maye gurbin tsohon. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ubanka taurin kai ne da shi. Na tambaye shi ko yana nadama, ya ce shi ruwa ya sha ya gode." Ya ce a je a sake shi.

Ni na tarye shi a ƙofar bariki da azahar. Ba rawani, an aske masa rabin gemu, numfashinsa yana fito tun daga nesa. Na durƙusa na sa masa takalmin da na zo da shi, ɗayan yana ƙafarsa har lokacin. Ba mai mota da ya yarda ya tsaya mana a wurin, sai muka taka a hankali, yana dafe da kafaɗata, muna hutawa a kowace inuwa. Ina ta zuba, tsoro ne yake fita ta bakina. Na ba shi labarin allon injin, da ƙyallen, da layin alli, na ce maganarsa ce ta fid da shi, in ka yanke koma baki. Ina jira ya ce madalla. Bai ce ba.

Da muka iso bakin lungunmu, ya tsaya a famfo. Yara suka matsa masa. Ya tara hannu ya sha, ya wanke fuska, ya shafa inda aka aske. Ya ce, "To yanzu mi za ka yi ma injin?" Na ce zan gyara shi, ya riƙa komawa daidai inda sabuwar kalma ta ƙare, in ya gama kuma ya sake dubawa daga farko, ba zai ƙara tsallake kome ba. Baba ya girgiza ruwan hannunsa. Ya ce, "Kaico. Duk ofishinku, shi kaɗai yaj ji kunyar shahe sunan wanda yak kawo ruwan ga."

Daga ranar bai sake yi wa mai rai waƙa ba, sai yabon Annabi, har ya koma ga Allah. Ni kuwa washegari na cire takalmina a ƙofa, na zauna, na gyara layi ɗaya a cikin umarnin. Na ba shi waƙar Baba. Ya bi ta daga farko har ƙarshe, na sa ya sake nema, ya amsa mini cewa babu Sulaimanu.